Makullin Ɗakin Yaya

Masu rubuto min "ki yi haƙuri" a ƙasan labarina, na ga saƙonninku, na gode, amma yau ku riƙe haƙurinku, ba ni da wurin ajiye shi. A kwamfutar shago nake wannan rubutun.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu, Auta kowa ke ce min. Ina aiki a shagon buga takardu da ke kallon ƙofar kotu. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya, wanda ke gyaran waya a ɗakinsa na bakin ƙofar gida. Yanzu haka Yaya yana kulle a ofishin 'yan sanda, kuma wanda ya kai shi can shi ne mutumin da Mama ke kira "ɗana".

Ofisa nake ce masa. Watanni ke nan yana zuwa wurina. Dogo ne, takalminsa kullum kamar yanzu aka ciro daga kwali, turarensa kuma yana riga shi shigowa falo. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya burge ni. Amma ni burge ni kawai ya yi, gidanmu kuwa gaba ɗaya ya saye su. Saboda shi Mama ta canja labulen falo, ta sayo kofuna masu bakin zinare da ko Baba ba ya shan shayi da su. Baba kuma tun da maƙwabcinmu ya daina zuba mana shara a bakin ƙofa don ya ga motar Ofisa, shi ke nan, ya gama yanke hukunci cewa Allah ne ya kawo mana shi.

Ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida ina wanki, sanye da tsohuwar doguwar rigata mai tabon bilic a ƙirji, ɗankwalina ya zame, sai na ji sallamarsa. Ban taɓa ganinsa da kaki a gidanmu ba sai ranar. Bayansa ga wasu abokan aikinsa, ɗaya na riƙe da babbar jaka.

Kun san abin da Mama ta fara yi? Ɗaki ta ruga ta sauya mayafi, ta ɗora ruwan shayi.

Ofisa ya rusuna ya gaida Baba, ya ce, "Baba, ɗan bincike ne na aiki, ba wani abu ba. Ni na ce zan zo da kaina, don kada a turo wanda bai san darajar gidan nan ba."

Baba ya washe baki ya ce, "Haba, ai gidanka ne. Ku duba ko'ina, mu ba mu da abin ɓoyewa."

Babu wanda ya ce ina takardar izinin bincike. Ni ma ban ce ba, ina tsaye da kumfa a hannu kamar doluwa. Ba su kalli falo ba, ba su kalli ɗakin Mama ba, kai tsaye ƙofar Yaya suka nufa. A kulle take, ya tafi kasuwa sayen kayan gyara.

Baba ya ce, "Sai dai ku jira shi. Wannan ɗakin ko ni ba ni da makullinsa, kayan mutane ne a ciki."

Ofisa ya sunkuya, ya zura hannu cikin tsohon takalmin ƙwallon Yaya da ke yashe a gindin taga, ya ciro makulli. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi ya san wurin ba.

Durowa ta ƙasa ya ja, ya ɗauko wata waya mai ruwan zinare da gilashinta ya tsage. Sauran wayoyin mutane da ke jere a kan tebur, kowacce da ɗan tikitin da Yaya ke mannawa, suka share su cikin jaka kamar masu kwashe albasa. Ana cikin haka Mama ta fito da tire, da kofunan nan masu bakin zinare. Jama'a, sun sha. Wallahi sun tsaya a ƙofar ɗakin da suka birkice sun sha shayinmu, ɗaya har da neman ƙarin sukari.

Yaya ya shigo da leda a hannu, ya tsaya turus. Kafin ya gama tambayar abin da ke faruwa an sa masa ankwa.

Ya ce, "Wani ne ya kawo min ita canjin gilashi! Ko kunna ta ban yi ba!"

Ofisa ya ce, "Ka faɗa a ofis."

Ya juyo ya kalle ni, ya ɗan ɗaga min gira, irin yadda yake yi in zai tafi bayan mun gama hira.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Gimbiyata, fushi kike yi?"

Na rubuta, "Ka saki Yayana."

"Aiki daban, soyayya daban. Wayar matar wani babban mutum ce aka sace, daga sama ake matsa min. Amma ki kwantar da hankalinki. Ɗan bayani kawai zai sa wa hannu, cewa ya san ta sata ce amma ya yi nadama, ni kuma in kashe maganar a nan, ba sai an je kotu ba."

Na karanta wa su Mama. Mama ta ɗaga hannu sama tana sa masa albarka. Baba ya ce, "Kin gani? Da wani ne ya zo, da yanzu ƙofar ma babu ita." Ranar Lahadi kaf maganar gidan ɗaya ce: Auta ki kira shi, Auta ki sassauta murya, Auta ki daina ɗaure fuska, a hannunsa ɗan'uwanki yake. Ni da aka zo aka ci mutuncin gidanmu, ni ce kuma zan yi kwalliya in ce na gode.

Ranar Litinin na je shago da idanu a kumbure. Akwai wata lauya da ke kawo mana bugun takardu, Barista muke ce mata, gajera ce mai tabarau rataye da igiya a wuya, ba ta taɓa karɓar aiki ba tare da ta sami abin yin faɗa a kai ba. Ranar ta kalle ni ta ce, "Ke, wa ya mutu?"

Sai kuka. Ta jawo kujerar roba ta zauna, na zayyane mata komai. Da na zo kan takardar da Yaya zai sa wa hannu, ta buga tebur har abin huda takarda ya faɗi ƙasa.

Ta ce, "Kada ya kuskura! Saurara da kyau. Samun kayan sata a hannun mutum shi kaɗai ba ya zama laifi. Sai an nuna cewa ya san na sata ne, ko akwai abin da ya isa ya sa ya sani. Wayar suna da ita. Sanin ne ba su da shi. Wannan takardar ita ce abin da suka rasa, suna so ya ba su da hannunsa."

"Amma ya ce zai kashe maganar."

"Wanda daga sama ake matsa masa? Da me zai je ya nuna wa na saman, da kyawun fuskarki?"



Ta ce, "Da suka zo, sun nuna takardar izinin bincike daga alƙali?"

"Babu wanda ya tambaya."

"Kullum haka, babu wanda ya tambaya. Tsarin mulki ya ba gidan mutum kariya, Auta. Kaki ba makulli ba ne. Ko su zo da takardar alƙali, ko ya zama akwai gaggawar da ba ta jiran takarda, ko kuma mai wurin ya yarda da bakinsa. Wa ya yarda?"

"Baba. Cewa ya yi su duba ko'ina."

"Baban naki yana da makullin ɗakin? Yana shiga?"

"A'a. A gabansu ma ya faɗa."

"To ni abin da zan gaya wa alƙali shi ne izinin Babanki a bakin ƙofar nan ya tsaya. Bari in je in ga abin da suka rubuta."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ko takardunta ba ta karɓa ba. Bayan azahar ta dawo, fuskarta ba yadda ta tafi ba. Ba su bar ta ta ga Yaya ba, wai an fita da shi neman wanda ya kawo wayar, amma ta ga rahoton. Ta tsaya a kaina ta ce, "Me ya sa ba ki gaya min ke kika ba shi izini ba?"

"Ni?"

"Haka ya rubuta. Ƙanwar wanda ake tuhuma, mazauniyar gidan, ta ba da izinin shiga ɗakin, ta kuma nuna inda makulli yake."

A nan takalmin ƙwallon nan ya dawo min. Ranar Laraba kafin su zo, ina shago, Ofisa ya turo min saƙo: "Gimbiya, wayata ta aiki ta ƙi caji, na zo wurin Yaya ba ya nan, kuma sauri nake yi." Ni kuma uwar rawar kai na amsa: "Makullin yana cikin tsohon takalmin da ke gindin taga, ka ajiye masa a tebur ka kulle." Har da hoton zuciya na sa a ƙarshe. Da na tambayi Yaya daga baya ko ya ga wayar Ofisa, ya ce shi bai ga komai ba, na ɗauka ya fasa ne. Ashe shiga ya yi ya leƙa durowa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da abin da yake nema, ya mayar da makulli, da yamma kuma ya zo min da cakulan.

Na faɗa wa Barista. Ta cire tabarau ta ce, "Saƙon yana nan?"

"Yana nan."

"Ba na yi miki alƙawari, alƙali ne mai hukunci. Amma izinin ajiye waya ba izinin bincike ba ne, kuma izinin da aka karɓa da ƙarya yana da wuyar tsayawa. Wannan saƙon zai nuna ƙarya ya rubuta a rahotonsa. Kawo in gani."

Na ciro wayar, ta mutu murus. Ku yi dariya in kun ga dama: ƙanwar mai gyaran waya ce ke da wayar da ta fi ta kowa lalacewa a unguwa. Batirin ba ya kai azahar, bakin cajin ya saki, ba ta karɓar kowace caja sai wata guda da Yaya ya naɗe da salatif, ita kuma tana gida. Kullum cewa yake yi gobe zai gyara min.

Barista ta ce, "Tafi gida yanzu. Ki sa caji, ki ɗauki hoton saƙon, ki turo min. Kada ki gaya wa kowa, kin ji ni? Kowa. Kuma ki riƙe wannan: duk ranar da ɗan sanda ya ce zai caje ki ko kayanki, kada ki yi kokawa, kada ki gudu. Ki buɗe baki a gaban mutane ki ce ba ki yarda ba. In sun yi, sun yi, amma ba da yardarki ba."

Na isa gida na tarar Mama ta goge min shuɗiyar rigata mai duwatsu a wuya, ta shimfiɗa ta a kan gado, ga mayafin da ya dace da ita, ga takalmi a ƙasa. Falo sai ƙamshin turare yake yi. Na jona wayar a soket ɗin bayan talabijin, shi kaɗai ne ba ya wasa.

Mama ta ce, "Ɗana zai zo bayan magariba. Ki yi wanka ki shirya, ki kuma saki wannan fuskar."

"Mama, ɗanki yana bayan kanta. Wannan ba ɗanki ba ne."

"Auta, ki kiyayi bakinki."

"Ya zo ya sha shayinki ya tafi da ɗanki a ɗaure, ke kuma kina goge min riga!"

"To me kike so in yi? In je in yi dambe da hukuma? Mutumin nan shi kaɗai gare mu a can."

Barista ta ce kowa. Na sani, na ji ta da kunnena. Amma wanda ya san ni ya san in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran kaina. Na ce, "Maƙaryaci ne, kuma ina da shaida! Saƙon da ya yaudare ni da shi na ba shi makulli yana cikin wayar can. Gobe lauya za ta kai wa alƙali, mu ga ƙarshen ƙyallin takalmi."

Mama ta zuba min ido. Na ɗauka maganar ce ta shige ta. Wayar kan ɗauki lokaci kafin ta farfaɗo, don haka na ɗauki bokiti na shiga wanka, ina ta huci ni kaɗai.

Da na fito, Mama na zaune a hannun kujera, wayata a cinyarta, tata wayar a gefe. Ta san zanen buɗe wayata, don da ita take kiran 'yar'uwarta in katinta ya ƙare. Na fizge wayar. Na duba sama, na duba ƙasa. Sunan Ofisa babu shi. Hirar watanni, gaba ɗaya, babu ko ɗigo.

Yaya ne ya koya mata. Wayarta kullum cike take da bidiyon da ƙawayenta ke turowa, ya gaji da share mata, ya zaunar da ita ya nuna mata yadda ake danne hira a goge ta duka. Abu ɗaya tilo da Mama ta iya da waya ke nan. Ni kuma tuni na kashe ajiyar saƙonni don tana cinye min data.

Na ce, "Mama, me kika yi?"

Hawaye na zuba ta ce, "Kiransa na yi in ba shi haƙuri, kada ya ji maganar lauya daga waje ya yi fushi. Ya ce in alƙali ya ga saƙon nan, za a ce kin san inda makulli yake, kin san abin da ke ɗakin, da ke aka haɗa baki. Ya ce ke ma tafiya za a yi da ke. Ɗaya ya tafi, Auta. In zauna ina kallo a tafi da na biyun?"

Na so in yi ihu har rufin gidan ya tashi. Amma ta yaya za ki yi wa uwarki ihu tana kuka don tana tsoron a kama ki? Haushin ya rasa inda zai sauka. Na juya wurin Baba, yana zaune da rediyonsa a kunne, ya ƙara masa murya.

Mama ta share ido ta ce, "Ya ce ba sai ya zo yau ba. Gobe da safe Yayanki zai sa hannu, kafin azahar yana gida."

Sau nawa na ji Yaya yana gaya wa masu kawo gyara: in abu ya goge, kada ka ƙara taɓa wayar, kashe ta ka kawo min, wani lokacin ana dacewa. Na kashe ta nan take. Mutum ɗaya na sani da zai iya gwada dawo da saƙon nan, shi ne kuma wanda saƙon zai fitar daga kulle.

Na kira Barista da wayar Baba. Ta ja dogon tsaki, ta ce tana da shari'a da sassafe, in jira ta a shago mu tafi tare. Na ce to. Amma da gari ya waye na ji Mama a waya tana cewa, "Yanzu-yanzu? Allah ya yi maka albarka, ɗana," sai na gane yanzu za a sa Yaya ya sa hannu, na zari mayafi. Na san za ku ce me ya hana in biya shago in ajiye wayar. A gida dai ba zan bar ta ba, shago kuma ba a kan hanya yake ba, kuma ku ba ku ji yadda ta ce "yanzu-yanzu" ba. Na cusa ta cikin rigata na tari mota.

Ofishin cike yake da mutane, wasu a benci, wasu a tsaye da kwanon abinci. Ofisa ne a bayan kanta, kamar ya san zan zo. Ya yi murmushi.

"Gimbiya da kanta."

"Yayana na zo gani."

"Ba matsala. Sai dai ba a shiga da waya, doka ce." Ya miƙo tafin hannunsa. "Kawo in ajiye miki."

Na kalli hannun. In na ba shi, na san ko ta dawo ba za ta dawo da komai a cikinta ba. In na hana, ba zan wuce kantar nan ba. Ta gefen kafaɗarsa na hango wata ƙofa a buɗe a ƙarshen baranda. Yaya na zaune a gaban tebur da rigar da ya fita da ita ranar Asabar, ta yi daƙal-daƙal, idanunsa sun zurma. Wani ɗan sanda na tsaye a kansa yana nuna masa ƙasan takarda da yatsa. Biro na hannun Yaya.

Ban san ina da irin wannan muryar ba.

"Yaya! Kada ka sa hannu! Ka ce sai lauyarka ta zo! Kada ka sa!"

Ofishin ya yi tsit. Wata tsohuwa a benci ta dafe ƙirji. Yaya ya ɗago ya gan ni, ya kalli takardar, ya sake kallona. Ya ajiye biron a kan tebur, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu.

Murmushin Ofisa ya ɗauke. Wannan fuskar ban taɓa ganinta a falonmu ba. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kin san hana jami'i aikinsa laifi ne?"

"Gaya wa ɗan'uwana ya jira lauya ba laifi ba ne."

Ya miƙe, ya yafito wata 'yar sanda da ke cin gyaɗa a bakin taga. Ya ce, "A caje ta. Akwai waya a jikinta."

Ta karkaɗe hannu ta nufo ni. Wayar ta manne a fatata saboda gumi. Ban gudu ba, ban ɗaga hannu ba. Na juya na kalli mutanen da ke benci ɗaya bayan ɗaya, har sai da na tabbata kowa ni yake kallo, sannan na dawo da idona kan mutumin da Mama ta saya wa kofuna.

Na ce, "Ku shaida, jama'a. Babu takardar alƙali, kuma ban yarda ba. Ofisa, ga biro nan a aljihunka. Wannan karon ka rubuta abin da na faɗa: ban yarda ba."